MONSINYO GEORGES LEMAÎTRE (1894–1966): FIRIST ƊIN DA YA BI SAWUN HASKE NA FARI

Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida lokacin bazara a ƙauyukan da ke kewaye da Dutsin-Ma da Kurfi, inda fitilar lantarki ba ta dushe taurari ba, ya san yadda sama take cika maƙil idan dare ya raba. Kakanninmu sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Gamzaki mai fitowa da asuba, da su kuma suke gane lokaci. Amma a cikin wannan sama akwai wani haske da idon ɗan Adam ba ya iya gani. Ya girmi kowane tauraro, yana kuma sauka a kanmu dare da rana daga kowace kusurwa. Masana suna ɗaukarsa a matsayin saƙo mafi tsufa da ya iso mana daga farkon sararin samaniya.

A wannan fitowa muna so mu ba da tarihin mutumin da ya share hanyar gane wannan haske, wato wani firist na Katolika ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Georges Lemaître. Muna da dalilin zaɓensa. 'Ya'yanmu suna shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da sauran makarantu, suna kuma dawowa gida da tambaya mai nauyi: idan malamin kimiyya ya ce sararin samaniya ya yi shekara biliyan 13.8, to ina matsayin Littafin Farawa? Waɗansu sun yi shiru da tambayar, sun janye jiki daga coci a hankali. Waɗansu iyaye kuma sun soma jin tsoron karatun da su da kansu suka sayar da amfanin gona suka biya. Rayuwar wannan bawan Allah tana da abin da za ta faɗa wa duka biyun.

HAIHUWA DA ƘURUCIYA

An haifi Georges Lemaître ran 17 ga Yuli 1894 a Charleroi, garin haƙar kwal da masana'antun gilashi a kudancin Beljiyam. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya huɗu na Joseph Lemaître da matarsa Marguerite, gida ne kuwa na masu riƙe da bangaskiya da gaske. Ya yi karatun sakandare a hannun limaman Ƙungiyar Yesu, waɗanda aka fi sani da Jesuwit, inda gwanintarsa a lissafi ta fito fili tun da wuri. Tun yana yaro ya ji kira iri biyu a zuciyarsa, na hidimar bagade da na binciken halitta, bai kuwa ga abin da zai hana shi amsa su tare ba. Mahaifinsa ya ba shi shawara ya fara samun sana'a a hannu kafin ya shiga makarantar horar da firistoci. Ya yi biyayya, ya shiga Jami'ar Katolika ta Louvain a 1911 yana da shekara 17, ya kama karatun injiniya.

Bai kai ga kammalawa ba sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. A watan Agusta 1914 sojojin Jamus suka mamaye Beljiyam, suka ƙone babban ɗakin karatu na jami'ar Louvain da dubban ɗaruruwan littattafan da ke cikinsa. Georges da ƙanensa Jacques suka ajiye karatu suka shiga soja don kare ƙasarsu. Ya shafe shekara huɗu a fagen daga, akasari a rundunar manyan bindigogi a yankin kogin Yser, cikin taɓo da sanyi da gawawwakin abokai. Duk da haka, idan aka sami sararawa, yakan fito da littattafan lissafi daga jakarsa ya karanta. Da yaƙi ya ƙare aka ba shi lambar jarunta. Mu da muka ga yadda tashin hankalin 'yan bindiga ya katse karatun yara da yawa a wannan yanki namu, ya kamata mu lura da wannan: shekara huɗu da yaƙi ya cinye masa ba su kashe masa zuciya ba.

FIRIST KUMA ƊALIBI

Bayan yaƙi ya koma Louvain, ya bar injiniya ya rungumi lissafi da kimiyyar fiziks, ya sami digirin dakta a 1920. Ya kuma karanci falsafar Waliyyi Toma Akwinas, abin da ya yi masa amfani ƙwarai daga baya. A wannan shekara ta 1920 ya shiga makarantar firistoci a Malines. A can ne, da izinin shugabanninsa, ya duƙufa a kan sabuwar koyarwar Albert Einstein ta 1915 game da ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ga juna, koyarwar da a lokacin mutane ƙalilan ne a duniya suka fahimce ta. Ran 22 ga Satumba 1923 Kadinal Désiré Mercier ya naɗa shi firist. Ya kuma shiga wata ƙungiyar firistoci da ake kira Abokan Yesu, waɗanda suke ɗaukar alkawarin talauci da keɓe lokaci mai tsawo kowace rana domin addu'a cikin shiru. Ya riƙe wannan alkawari har ƙarshen ransa ba tare da ya yi ta shela ba.

Rubutun da ya yi a kan koyarwar Einstein ya samo masa tallafin karatu a ƙasashen waje. Ya tafi Cambridge ta Ingila a 1923, ya zauna a gaban Arthur Eddington, masanin da ya zo tsibirin Principe a mashigin tekun Gini a 1919 ya auna husufin rana, ya nuna cewa hasken taurari yana lanƙwasa idan ya gifta kusa da rana kamar yadda Einstein ya faɗa. Daga nan ya wuce Amurka, ya yi aiki a Harvard, ya kuma yi rajistar wani digirin a babbar makarantar fasaha ta Massachusetts. Bai tsaya a aji kaɗai ba. Ya zagaya wuraren da ke da manyan madubban hangen nesa, ya sadu da Vesto Slipher a Arizona da Edwin Hubble a Kalifoniya, ya tattara abin da suka auna.

Abubuwa biyu ya tarar a hannun waɗannan mutane. Hubble ya tabbatar cewa garken taurarin da ranarmu take ciki, wato farin zanen nan mai kama da hayaƙi da muke gani ya ratsa sama da dare, ɗaya ne kawai cikin garkuna masu ɗimbin yawa. Slipher kuma ya lura cewa hasken yawancin garkunan nan ya karkata zuwa launin ja. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma a Kurfi ya ji yadda ƙarar odar babbar mota take da kaifi idan tana tahowa, sa'an nan ta yi kauri da zarar ta wuce. Haske ma yana yin kusan haka: na abin da ke nisantarmu yakan miƙe ya karkata zuwa ja. Ke nan garkunan taurari suna guje mana. Abin da ya rage shi ne a san dalili.

SAMA TANA BUƊEWA

Fada Lemaître ya koma Louvain a 1925 ya soma koyarwa. A 1927 ya buga wata maƙala da Faransanci a mujallar ƙungiyar masana kimiyya ta Brussels. A ciki ya nuna cewa lissafin Einstein bai yarda sararin samaniya ya tsaya cik ba, kuma gudun da garkunan taurari suke yi alama ce ta cewa sararin da ke tsakaninsu ne yake ƙaruwa. Mu ɗauki misalin ƙullin burodi da aka barbaɗa wa riɗi a ciki. Idan yisti ya kama, ƙullin yana tashi, kowace ƙwayar riɗi tana nisantar 'yar'uwarta, waɗanda suka fi nisa da juna kuma su ne suka fi saurin rabuwa, alhali babu ƙwayar da ta motsa da kanta. Ya ɗauki ma'aunin garkuna 42 ya fitar da ƙa'idar: gwargwadon nisan garke, gwargwadon saurin gudunsa. Har adadin saurin ya lissafa.

Kusan babu wanda ya karanta. Mujallar ba sananniya ba ce a wajen Beljiyam. A watan Oktoba na wannan shekara Einstein ya zo taro a Brussels, matashin firist ya same shi ya yi masa bayani. Einstein ya yarda lissafin daidai ne, amma ya ƙi amincewa da ma'anarsa, har ya kushe ta da kakkausar murya. Ya kuma sanar da shi cewa wani Barashe, Alexander Friedmann, ya riga ya sami irin wannan lissafi a 1922 kafin ya rasu a 1925, ko da yake shi bai haɗa shi da abin da aka auna a sama ba. Lemaître bai yi fushi ba, bai kuma janye ba. Ya koma ajinsa.

A 1929 Hubble ya buga nasa ma'aunin, wanda ya nuna wannan ƙa'ida ɗin, duniya kuma ta laƙaba mata sunan Hubble. A 1930 Eddington ya bayyana a taro cewa ana neman lissafin da zai bayyana wannan gudu, sai tsohon ɗalibinsa ya rubuta masa wasiƙa ya tuna masa da maƙalar da ya aika masa shekara uku da suka wuce. Eddington ya ji kunya, ya sa aka fassara ta zuwa Turanci a 1931. A cikin fassarar, sakin layin da ya ƙunshi adadin saurin ya ɓace, mutane suka daɗe suna zargin cewa wani ne ya danne masa haƙƙi. Sai a 2011 wani mai bincike, Mario Livio, ya gano wasiƙun da suka nuna cewa Lemaître da kansa ya cire wurin, domin a ganinsa ma'aunin Hubble ya fi nasa sabunta, babu amfanin maimaita tsoho. Bai taɓa neman a mayar masa da sunansa ba. Amma gaskiya, in ji Hausawa, matakin nasara ce: a 2018 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta kaɗa ƙuri'a, ta ba da shawarar a riƙa kiran ƙa'idar da sunan Hubble da Lemaître tare.

ƘWAYAR ZARRA TA FARI

Wanda ya ga ƙulli yana tashi ya san ɗazu bai kai haka girma ba. Lemaître ya bi sawun wannan tunani da baya. Idan sararin samaniya yana faɗaɗa, to jiya ya fi yau ƙanƙanta, shekaranjiya kuma ya fi jiya, har a kai ga lokacin da kome da kome yake a dunƙule wuri ɗaya. A watan Mayu 1931 ya aika da gajeriyar wasiƙa zuwa mujallar Nature ta Ingila, inda ya kawo ra'ayin cewa duk abin da muke gani ya fito ne daga dunƙule guda, wanda ya kira ƙwayar zarra ta fari, kuma daga tarwatsewarta ne wuri da lokaci kansu suka soma.

Manyan masana ba su ji daɗin wannan ba. Eddington, malaminsa, ya ce zancen mafari ba ya kwanta masa a rai. Einstein, wanda zuwa lokacin ya karɓi faɗaɗar sama, ya ga abin ya yi kama da koyarwar halitta fiye da kima. Da yawa sun dubi farar kwalar da ke wuyansa suka yanke hukunci cewa firist ne yake so ya shigo da Littafin Farawa ta bayan gida. Akwai kuma matsala ta gaske: ma'aunin wancan zamani ya ba sararin samaniya shekara kusan biliyan 2 kacal, alhali duwatsun ƙasa sun nuna sun fi haka tsufa. Ɗa ba ya girmi ubansa. Sai daga 1952, da aka gyara kuskuren ma'aunin nisa, wannan cikas ya soma kauwa.

Lemaître ya san cewa ra'ayi ba ya tsayawa sai da shaida. Ya ce idan farkon ya kasance da irin wannan ƙarfi, lalle ya bar saura da za a iya aunawa har yau. Matan gida sun san wannan: ko wuta ta mutu tun dare, wadda ta sa hannu a tokar murhu da safe za ta ji ɗumi, ta san an yi girki. Shi ya zaci sauran nan shi ne waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfi da ke faɗowa daga sama, ya kuma shafe shekaru yana nazarinsu tare da wani masani ɗan Meziko, Manuel Sandoval Vallarta. A nan ya yi kuskure, domin ƙwayoyin daga baya aka gane yawancinsu daga taurari da garkunansu suke fitowa. Amma tunanin cewa akwai ɗumin da ya rage daidai ne. A 1948 Ralph Alpher da Robert Herman, abokan aikin George Gamow a Amurka, suka lissafa cewa ya kamata a sami irin wannan ɗumi mai rauni ƙwarai ko'ina a sama. Su ma aka manta da maganarsu.

SHEKARUN HAƘURI

Girmamawa ba ta rasa zuwa ba. A 1933 ya sake haɗuwa da Einstein a Kalifoniya, suka zama abokan hira. A 1934 Sarkin Beljiyam ya miƙa masa lambar Francqui, mafi girma a fannin ilimi a ƙasar. A 1936 Paparoma Pius na 11 ya sa shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Paparoma. Amma rayuwarsa ta yau da kullum ba ta sāke ba: Misa da safe, aji, lissafi, da kaɗa piyano idan ya gaji. Ya kula da gidan ɗalibai 'yan ƙasar Sin da ke karatu a Louvain, har ya koyi wani abu na harshensu domin ya kusance su. Yaƙin Duniya na Biyu ya sake ƙone ɗakin karatun jami'ar a 1940, a 1944 kuma bom ya lalata masaukinsa. Ya ci gaba da koyarwa.

A 1948 Fred Hoyle da Hermann Bondi da Thomas Gold suka fito da wani ra'ayi a Ingila, cewa sararin samaniya ba shi da farko, kullum haka yake, sabon abu yana ta ɓullowa yana cike gurbin da faɗaɗa ta bari. Hoyle ne, a wani shirin rediyon BBC a 1949, ya laƙaba wa ra'ayin abokan hamayyarsa sunan Big Bang, wato babbar fashewa, sunan kuma ya bi shi har yau. Hoyle ba mai addini ba ne, ya kuma yi ta sukar ra'ayin Lemaître shekara da shekaru, duk da haka mutanen biyu suna ganin girman juna, suna zama su ci abinci tare. Saɓanin ra'ayi bai zama gaba a tsakaninsu ba.

GWAJI DAGA CIKIN GIDA

Gwajin da ya fi wuya ya zo masa daga inda ake ƙaunarsa. Ran 22 ga Nuwamba 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi a gaban Majalisar Masana Kimiyya, cikin murna ya nuna cewa sabon binciken kamar ya zama shaida ga lokacin da Allah ya umarci haske ya kasance. Wani zai zaci Lemaître zai yi farin ciki, tun da Uba Mai Tsarki da kansa ya ɗaga aikinsa. Abin ya dame shi ƙwarai. Ba a ji ya yi gardama a bainar jama'a ba. Ya bi hanyar ladabi, shi da Fada Daniel O'Connell, Jesuwit ɗin da ya shugabanci ɗakin nazarin taurari na Vatican, aka isar da damuwarsa. Da Paparoma ya yi wa taron masana taurari na duniya jawabi a watan Satumba 1952, bai sake ɗaura bangaskiya a kan wannan ra'ayi ba.

Me ya dame shi? Da fari, ra'ayin kimiyya abu ne da ake gwadawa, gobe ana iya gyara shi ko a watsar. Wanda ya kafa bangaskiyarsa a kansa ya yi gini a bakin rafi. Na biyu, kuma mafi zurfi, ya koya daga Waliyyi Toma cewa mafari dabam, halitta dabam. Mafari tambaya ce ta lissafi: yaushe abin ya soma, yaya yake a lokacin? Halitta kuwa tana nufin cewa kome, jiya da yau da gobe, yana rataye ne ga nufin Allah, da ya janye hannunsa da babu abin da zai wanzu. Madubin hangen nesa ba ya iya gano wannan, ba ya kuma iya ƙaryata shi. A taron masana a Brussels a 1958 ya bayyana cewa ra'ayinsa bai tilasta wa kowa ya ba da gaskiya ba, bai kuma hana kowa ba, ya kuma tuna da koyarwar annabi Ishaya game da Allah mai ɓoye kansa. A wurinsa Littafi Mai Tsarki yana koya mana hanyar ceto, ba a kuwa ba mu shi domin ya maye gurbin littafin fiziks ba. Waliyyi Agustin, bishop ɗan Afirka ta Arewa, ya riga ya gargaɗi Kirista tun ƙarni na 5 da kada su jawo wa Littafin raini ta wurin yin gardama a kan al'amuran halitta da ba su sani ba. Ikilisiya ta ɗanɗana ɗacin mantawa da wannan gargaɗi a shari'ar Galileo ta 1633, kuskuren da Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya amsa a fili a 1992.

Ikilisiya ba ta riƙe shi da laifi ba saboda wannan tsayuwa. A 1960 Paparoma Yohanna na 23 ya ba shi muƙamin Monsinyo, ya kuma naɗa shi shugaban Majalisar Masana Kimiyya, kujerar da ya riƙe har mutuwarsa. Tsufa bai rage masa son sabon abu ba: shi ne ya kawo wa jami'ar Louvain kwamfutarta ta farko a 1958, ya kuma zauna ya koyi sarrafa ta.

TANTABARU DA WATA ƘARA

A 1964, a Holmdel ta jihar New Jersey a Amurka, waɗansu ma'aikatan kamfanin Bell biyu, Arno Penzias da Robert Wilson, suna gyara wata babbar eriya mai siffar ƙaho domin sauraron igiyoyin rediyo daga sama. Sai suka riƙa jin wata 'yar ƙara da ta ƙi ɓacewa. Suka juya eriyar gabas da yamma, dare da rana, rani da damina, ƙarar tana nan daidai wa daida. Suka tarar tantabaru sun yi sheƙa a ciki, suka kore su, suka wanke kashinsu tas, ƙarar ba ta tafi ba. A nan kusa, a jami'ar Princeton, Robert Dicke da James Peebles da abokansu suna shirin neman ɗumin farko. Da ɓangarorin biyu suka yi magana, aka gane abin da aka kama. Aka buga sakamakon a 1965, Penzias da Wilson kuma suka sami lambar Nobel a 1978.

Ga bayanin abin a taƙaice. A farkonsa sararin samaniya yana da zafi da cunkoso, haske ba ya iya tafiya nesa, kamar ranar da hazon hunturu ya yi kauri har mutum ba ya hango dutsen da ke gaban gidansa. Bayan kimanin shekara 380,000 da farawa, zafi ya sauka zuwa digiri 3,000, ƙananan ƙwayoyi suka haɗu suka zama zarra cikakkiya, hazo ya washe, haske ya sami hanya. Tun daga ranar yake tafiya. Sararin ya faɗaɗa kusan sau 1,100 tun lokacin, hasken ya miƙe tare da shi har ya fita daga abin da ido ke gani ya koma gajerun igiyoyin rediyo. Yau sanyinsa ya kai digiri 270 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyos, wato digiri 2.7 kawai sama da iyakar sanyi. Waɗanda suka yi zamani da tsohuwar talabijin mai eriya za su tuna yayyafin da ke cika allo idan tasha ta rufe. Wani ɗan ƙaramin kaso na wannan yayyafi daga hasken nan yake. Ra'ayin Hoyle bai iya bayyana wannan ɗumi ba, daga nan kuma yawancin masana suka bar shi.

A lokacin Monsinyo Lemaître yana fama da jiki. Ciwon zuciya ya kama shi a ƙarshen 1964, daga baya cutar sankarar jini ta biyo. Mataimakinsa, Odon Godart, shi ya kai masa labari a gadon jinya cewa an sami ɗumin da ya rage daga farko. Shekara 35 ke nan da wasiƙarsa ta 1931. Ba da daɗewa ba, ran 20 ga Yuni 1966, ya rasu a Louvain yana da shekara 71.

ABIN DA AKA KARANTA A CIKIN HASKEN

Aikin bai tsaya da mutuwarsa ba. A 1989 Amurka ta harba tauraron ɗan Adam mai suna COBE, wanda ya tabbatar cewa hasken yana da ainihin siffar da ta dace da abu mai zafi da ya huce. A 1992 aka sanar cewa ɗumin ba daidai yake ɗari bisa ɗari ba: wani wuri ya ɗara wani da kimanin kashi ɗaya cikin 100,000. Waɗannan 'yan bambance-bambance su ne irin da aka shuka, wanda ya tsiro ya zama garkunan taurari, da ranarmu, da ƙasar da muke nomawa. John Mather da George Smoot sun sami lambar Nobel a 2006 saboda wannan. Tauraron WMAP ya biyo baya a 2001, sai Planck na Turai daga 2009 zuwa 2013. Daga taswirarsu aka fitar da shekarun sararin samaniya, biliyan 13.8, aka kuma gane cewa irin abin da aka yi jikinmu da duwatsu da taurari da shi bai wuce kashi 5 cikin ɗari na abin da ke akwai ba. Sauran har yanzu ana bincike a kansa. A 1998 kuma aka gano cewa faɗaɗar sama tana ƙara sauri, abin da ya dace da wani sashe na lissafin Einstein da shi Einstein ya yar, amma Lemaître ya yi ta karewa tun shekarun 1930.

GARE MU

To, 'yan'uwa, ga ɗalibinmu da ke zaune a ajin kimiyya a Dutsin-Ma muna cewa: ka yi karatunka da dukan ƙarfinka, kada ka ji tsoron abin da ma'auni zai nuna, kada kuma ka yarda wani ya ce maka sai ka ajiye bangaskiya a ƙofar ɗakin gwaji. Mutumin da ya fara lissafa saurin faɗaɗar sama yakan yi Misa kafin ya shiga aji. Ga iyaye da katikis muna roƙo: idan yaro ya zo da tambaya, kada a rufe masa baki da tsawa, gama tambayar da aka hana a gida za ta sami amsa a wani wuri. A kai shi wurin Fada ko malamin da ya san abin, a zauna a tattauna. Ga masu wa'azi kuma, mu yi hattara da ɗaukar kowane sabon labarin kimiyya mu mai da shi hujjar bagade, tun da shi mai aikin bai yarda a yi haka da nasa ba. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke tarayya da su wajen shaida cewa Allah ne Mahaliccin sama da ƙasa, 'ya'yansu suna zaune a aji ɗaya da namu suna fuskantar tambaya iri ɗaya, wannan kuwa fili ne da za mu iya yin zance cikin mutunta juna.

Diyosis ɗinmu na Katsina, wanda Paparoma Francis ya kafa a 2023, yaro ne tukuna, yana bukatar firistoci da malamai da likitoci da masana. Muna addu'a Ubangiji ya tā da su daga cikin 'ya'yanmu, masu gaskiya a lissafi da tawali'u a addu'a. Allah ya jiƙan bawansa Georges Lemaître, ya kai haske kabarinsa. Amin.